Zazargiwa Ta Riƙe Mini Fadamar Baba

Ba'awa, Kiru.

Zuwa ga ƙanwata Zuwaira,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara a can Fatakwal. Allah ya ƙara miki sauƙin ciwon ƙafar nan. Mu nan ƙalau muke, sai ciwon baya da rainin dangi, kuma duk na saba da su.

Kin san an daɗe kabewata a fadamar Baba fure kawai take yi ya kakkaɓe. Na sha faɗa cewa feshin da ake yi ne ya kori ƙudan zuma, amma wa zai saurari tsohon malamin gona da aka sallama ba ko na gode? Bara Gwadabe ɗan Baffa ya tara dangi, aka yanke cewa in bana ma ba ta yi 'ya'ya ba, in sakar masa wurin ya zuba shinkafa. Na hau mota har Doguwa, na haƙo zazargiwa a bakin rafi, ciyawar nan mai ƙaya da shuɗin fure da muke tsallakewa muna yara. Na dasa ta a gefen da ƙasa ba ta bushewa, na hana kowa zuwa wurin da abin feshi. Gwadabe ya riƙa bin kasuwa yana cewa boko ya ƙarasa ni, mutane na cire ƙaya, ni ina yi mata ban ruwa.

Zuwaira, da ta buɗe fure, tun daga kan hanya ake jin ƙugin zuma! Amyar da na rataya a ɗorawa, wadda ta daɗe ba kowa a ciki, ta cika. Kabewa kuwa ta kama, har wata sai da ɗana Muzammil ya sa hannu biyu kafin ya ɗaga.

Jiya sai ga Gwadabe yana sosa ƙeya, wai kankanarsa ta ƙi kamawa, ko zan sam masa dashen zazargiwa. Na ce ya ɗiba, amma da hannunsa zai haƙa. Na zauna a inuwa ina kallonsa yana tsotsar yatsu. Maganar shinkafa kuwa ko tayar da ita bai yi ba. Fadama tana hannuna.

Ki gaida yaranki, Abdulmalik da Hamdiyya. Matata Asabe tana gaishe ki, ta kuma ajiye miki kwalbar zuman farko.

Yayanki da har yanzu bai haukace ba,
Inuwa.