Zoben da ya ƙi fita

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ya aiki?

Yaya, ƙafar Baba ba daɗi. Gyambon nan da ciwon suga ya hana warkewa ya kumbura har takalmi ba ya shiga. Likita ya ce dabara ɗaya ta rage kafin a yi maganar yankewa. Akwai wani dogon bututu na gilashi da ake kwantar da mutum a ciki a rufe, a tura iskar oksijin da ƙarfi, jini ya kai ta wurin ciwon, kumburi ya saɓe, nama ya tsiro. Baba ya sa masa suna kwalba.

Sai dai ba a shiga da mai, ko turare, ko ƙarfe, saboda tsoron gobara. Ka san zoben azurfar da marigayiya Mama ta saya masa, wanda ya nutse a yatsa. Nas ta gwada sabulu, ta gwada zare, ko gezau. Da ta ɗauko abin yankewa sai Baba ya dunƙule hannu. Na yi lallashi, na yi kuka, na tuna masa cewa da ƙafar nan yake taka keken ɗinkinsa. Taurin kan Baba kuwa, ai kai ka gada. Kullum sai ya ce gobe. Don Allah ka kira shi, ni na gaji.

Ka gaida yara.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin ƙaramar taku?

Bayan kiranka Baba ya miƙa hannu, ya kau da kai, aka yanke zoben, aka fara sa shi a kwalbar. Kullum ina tsaye jikin gilashin ina yi masa alamar ya haɗiyi yawu don kunnuwansa su buɗe, shi kuwa yana harara ta. Kumburin ya saɓe, gefen ciwon ya yi ja alamar sabon nama, har ya fara cewa in goge masa keken.

Amma ƙashin ya riga ya kamu. Shekaranjiya aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Na tambayi likita ko jinkirin ne ya jawo, ya ce ba wanda zai iya rantsewa. Wallahi Yaya, wannan amsar ta fi ci mini rai.

Na kai zoben wurin maƙeri ya haɗa shi, don in faranta masa. Yau na zura masa a yatsa, yana sauke hannu sai zoben ya zame ya faɗi kan zanen gado. Ashe ramar da ya yi ta kai haka. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, “Auta, ashe yana fita da kansa.”

Na naɗa masa zare har ya zauna. Keken kuma na lulluɓe shi, bai sake tambaya ba.

Ka zo, Yaya.

Ƙanwarka,
Auta