Akwatin da ke tsuwa a gefen gadon uwar 'ya'yana

Zuwa ga Mai Girma Shugaban da ke kula da ƙananan asibitocin yankinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata. Ranka ya daɗe, ni manomi ne daga wajen Tarai. Ban yi boko ba, limamin unguwarmu ne ya riƙe mini alƙalami, na kuma ce kada ya sassauta ko kalma ɗaya. Na je ofishinka an ce ka fita, na koma an ce kana taro. To bari in faɗa inda kowa zai ji.

Uwar 'ya'yana tana kwance a ɗakin mata na ɗaya daga cikin asibitocin da ke hannunka. Ƙirjinta ne ya toshe tun farkon damina. Wata na'ura ke tura mata iska ta roba a hanci. Na'urar da wuta take aiki. In an ɗauke wuta, akwai wani baƙin akwati mai batir a ƙasa, shi ke riƙe ta kafin a tada janareto. Wannan akwati shi ya hana ni sukuni.

Na ɗaya. Akwatin yana tsuwa, kuma tsuwar ba iri ɗaya ba ce. Da na ishi malamar asibiti da tambaya, Allah ya yi mata albarka, ta zaunar da ni ta yi mini bayani. In tsuwar jefi-jefi ce, an ɗauke wuta, batir ke aiki. In ta koma sauri-sauri, batir ya kusa ƙarewa, a ruga wajen janareto. In ta zarce ba tsayawa, an ɗora masa kayan da suka fi ƙarfinsa. In kuwa ga wuta amma bai yi shiru ba, batirin ne ya tsufa, sai canji. Ranka ya daɗe, namu da wuta da babu wuta tsuwa yake yi. Malama ta ce ta sanar da ofishinka tun kafin a kawo mu. Ina batirin?

Na biyu. Ranar kasuwar Kibiya 'yan dubiya ke cika ɗakin. Kowa ya taso daga ƙauyen da babu wuta, wayarsa a mace a aljihu. Sai suka gano akwatin yana da ramuka a bayansa. A yi wa mara lafiya sannu, a jona waya, a wuce kasuwa, a dawo da yamma a ɗauka. Ban ce mugaye ba ne, har surukina yana ciki. Da wayoyi suka yi yawa akwatin ya ɓarke da ihu, wata mai jinya ta ga yana hana marasa lafiya rintsawa, ta naɗe shi da bargo, ta ɗora matashi a kai. Don tausayi ta yi. Bayan Azahar aka ɗauke wuta. Shi mai tada janareto da kunne yake aiki, in bai ji tsuwar sauri-sauri ba yana inuwa abinsa. Bai ji ba, babu wanda ya ji. Ina zaune ina yi wa uwar 'ya'yana fifita sai na ga ta wangale baki, idanunta sun firfito, ta damƙi wuyan rigata, leɓɓanta suka yi baƙi. Na fita ba takalmi ina kururuwa kamar mahaukaci, sannan aka tada janareto, numfashinta ya dawo. Da aka yaye bargon, akwatin ya yi zafi kamar murfin tukunya. Malama ta ce zafin nan ma ƙara kashe batir yake yi.

Na uku. Daga ranar na kafa kujera kusa da akwatin, sandata a hannu. Duk wayar da na gani a jone na fizge. Ta wani ta faɗi ta tsage, aka kai ƙarata, aka ce namiji ba zai wuni a ɗakin mata ba, sai lokacin dubiya. Ban ba da haƙuri ba, kuma ba zan bayar ba. Yanzu a waje nake zama, gindin taga. Kunnena kuwa ya rikice. Tsuntsu ya yi kuka in zabura, wayar wani ta yi ƙara in miƙe. Ko a salla ina jin tsuwar nan, har in rasa raka'a ta nawa nake. Masu cewa in ɗauke uwar 'ya'yana in kai Kano, da wace iska za ta yi tafiyar? Motar haya ba ta da na'ura.

Takin da aka yi mana alkawari, da kwalbatin hanyarmu da ruwa ya cinye, ban manta da su ba, amma yau ba su na kawo ba. Ga roƙona. A canja batirin nan. A toshe ramukan bayansa, a sama wa 'yan dubiya wani wurin caji, don hana su kawai ba zai yi ba. A riƙa gaya wa kowace mai jinya da Hausa abin da kowace tsuwa ke nufi, a ce mata kada ta rufe shi. Kafin a yi haka, a mayar da ni kujerata.

Uwar 'ya'yana ma tana jin tsuwar. Duk sanda tsuwar ta tashi sai ta juyo da ido tana nemana. Ta taga nake ce mata albishir yake yi, wuta ta dawo. Tun auren ƙuruciya muke tare, ta san muryata in ina ƙarya, amma sai ta gyaɗa kai don kada hankalina ya tashi. Ka taimake ni in shiga wurinta da maganar gaskiya.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare iyalinka, kada ya nuna maka ranar da za ka zauna gindin taga kana sauraron numfashin naka.

Wassalam.

Malam Barau, manomi, daga wajen Tarai.