Furen Gauta a Kafaɗar Hedimasta

Zuwa ga matata, Maman Sulan,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Sulan da ƙafar nan taki mai sanar da zuwan ruwan sama. Na iso dogon gidanmu na ƙauye, inda dangi duka suke zaune ƙarƙashin rufi ɗaya, lafiya. Jirgin ruwan garin Kapit ya jijjiga ni yadda ya saba.

Baba ya rame ƙwarai. Ba ya cin komai sai kunun shinkafa, amma bakinsa yana nan da ƙarfinsa. Ina shiga ya sa na tuɓe riga, ya dube ni gaba da baya, ya ce wai haka zan je masa ƙasar matattu, fata fayau kamar ɗan kwaɗo? Ya ce can akwai duhu, mutane kuma da yawa, shi da zanen da ake yi a fata da allura zai gane nasa, ba zai tsaya tambayar kowane mai tumbi ko shi ne Nyandang ba. Na fara yi masa bayanin abin da littattafai suka ce game da wannan al'ada, ya yi barci.

Na san abin da matan cocinku za su faɗa. Amma tsohon nan da gaske yake jin tsoro, ni kuma ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba. Na kira Gerunsin, ɗan kawuna mai yin zanen, ya yi mini.

Mijinki,
Nyandang

Maman Sulan,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙonki ya iso. Na gode da kika tsaya a kan "tsufa da wauta", na zaci zai fi haka.

Zaɓen zanen ya zama shari'a a barandar gida, kowa alƙali. Na nuna kunama, Gerunsin ya ce ta waɗanda suka yi fama da daji ce. Na nuna ƙugiyar da ake yi a ƙwauri, mata suka fashe da dariya, wai yaushe na taɓa kama kifi in ba a faranti ba. Na maƙogwaro kuwa ni da kaina na janye, don ina son maƙogwarona. Kin san kowane zane a bayan Baba tafiya ce: sansanin katako, Brunei, jirgin da ya kai shi ƙasashen da ni a taswira kawai na koyar da su.

Baba ne ya yanke hukunci daga tabarmarsa: furen gauta, ɗaya a kowace kafaɗa, daidai inda igiyar kwandon da ake goyawa a baya take zama. Wato wanda ake yi wa samari kafin tafiyarsu ta farko. Hedimasta mai furfura zai karɓi abin 'yan shekara sha biyar. Ya ce ai shi ne bashin da nake binsa tun ranar da 'yan mishan suka ɗauke ni makaranta.

An yi na hagu jiya. Dole wani ya ja fatar yayin da Gerunsin yake buga allura, Baba ya ce ba mai taɓa ɗansa sai shi. Hannunsa yana rawa, don haka fure ɗaya ya ɗan karkace. Gerunsin ya so gyarawa, na hana. Game da zafi, ki gaya wa Sulan ubanta bai yi kuka ba, hayaƙin murhu ne.

Na dama sai Baba ya huta.

Naki,
Nyandang

Maman Sulan,

Ina gaishe ki. Na san Sulan ta faɗa miki abin da na gaya mata a waya, amma ina so ki ji daga gare ni. Baba ya rasu da safiyar Talata, bayan ya sha kununsa ya kuma ce ba gishiri.

Ba a yi na dama ba. Gerunsin ya ce idan an fita makoki zai ƙarasa, shi ma ya iya jan fata. Na ce a'a. Da fure ɗaya karkatacce Baba ya san ni, kada in je da biyu ya wuce ni.

Da za a hau da shi tudun maƙabarta, samari suka ce in bar musu, ciwon bai warke ba. Na ɗauki sandan makarar a kafaɗar hagu. Ya fi yadda na zata nauyi, kuma daidai kan furen ya zauna.

Ki taho da man shafawar nan na cikin kabad, da baƙar rigata.

Mijinki,
Nyandang