Dabinon da Na Ba Uwaisu

PK5, Bangui

Zuwa ga Inno,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar taki, da mutanen gida? Mu duk lafiya, har ƙanena Uwaisu ya fara zama da kansa.

Inno, akwai maganar da na ɓoye wata biyar. Ranar da aka haife shi, da Baba ya tauna dabino ya shafa masa a baki, an bar ni da shi. Na ga yana tsotsa da daɗi, sai na ƙara masa har sau uku. Da asibiti suka ce ciwon suga ne, na tabbata ni na jawo. Duk allurar insulin da Mama ta yi masa sai in fita tsakar gida. Abinci ma ba ya shiga cikina.

Ranar Talata na raka Mama asibiti, don sakamakon gwajin jinin da aka aika ƙasar waje ya dawo. Likitar, Madam Jannat, ta ce an daina allura. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba, ni da ko a aji ba na ɗaga hannu. Na faɗi komai a gaban Mama, ina kallon ƙasa.

Likitar ba ta yi dariya ba. Ta tambayi sana'ar Baba, na ce atamfa yake sayarwa a Titin Koudoukou. Ta ce to, a bayan tumbi akwai ƙananan ƙwayoyi masu yin insulin, kuma umarnin aikinsu a naɗe yake kamar turamen atamfa a kan kantar shago. Wanda aka warware ne kaɗai ake karantawa. A jikin Uwaisu wani turmi da ya kamata ya zauna a naɗe ne ya kasance a buɗe, tun yana ciki, kafin ya san dabino. Yanzu ciwon ya lafa. Zai iya dawowa idan ya girma, don haka za a riƙa auna shi.

Na ce mata singila, wato na gode da yaren nan. A kan babur Mama ta rungumo ni ta baya, ta ce, "Wawiya, shi ya sa kika rame?"

Da muka isa gida na ci tuwo malmala biyu.

Ki gaida Goggo Kubura. Ki sa mu a addu'a.

Jikarki,
Ikilima