Shuɗin ko Farin

Ruwais, Jidda
3 ga Rajab

Zuwa ga Babana abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Mama da dukkan mutanen Yawuri. Ya ƙafar taka? Mu lafiya lau, maigidana Ismail yana gaishe ka. Na ji maganarka cewa injin goge faiba, robar nan da ake ƙera jiragen ruwa da ita, ya cinye maka kunne, saƙon murya ba ya shiga, shi ya sa na rubuta da hannu zan ɗauki hotonsa in turo. Ka yi haƙuri da Hausar ’yar Jidda.

Baba, albishirinka! Zan mallaki jirgin ruwa! Ka san shekara biyu ke nan ni da ƙawata Maha muna koyon tuƙa ƙananan jiragen da iska ke turawa a mashigin teku na Abhur. To mun gaji da aro, mun haɗa hannu za mu sayi namu, takardu da sunanta tunda ita ’yar ƙasa ce. Ran Juma'a muka je wurin wani dattijo, Abdulmajid, yana da tsofaffi guda biyu na faiba, kowanne ya girme ni. Ɗaya shuɗi ne siriri, yana sheƙi kamar an shafa masa mai, ƙyallen iskarsa sabo fil. Ɗayan fari ne mai faɗin ciki, rana ta dafa shi har ya koma ruwan ƙwai, ƙyallensa duk faci. Maha ta ce kama yake da bahon wanki.

Yanzu ga babban labarin. Na leƙa cikin shuɗin, sai ga ’yar alamar kifi da kake zanawa a gefen duk gyaran da ka yi! Na yi ihu. Da dattijon ya ji ni ’yar Muntaka ce, ya miƙe tsaye, ya ce shekarun baya da kake Jidda kai kake masa gyara, bai ga mai hannu irin naka ba. Shi ke nan, zuciyata ta zaɓi shuɗin. Albarkarka kawai nake jira.

’Yarka mai kewarka,
Hikima

Ruwais, Jidda
9 ga Rajab

Babana,

Assalamu alaikum, da fatan kun yini lafiya, Mama ta warware daga murar.

Takardarka ta iso, na karanta sau uku a bayan kantin maganin da nake aiki, lokacin hutun azahar. Da farko na ji haushi wallahi, don layin farko cewa ya yi kada in kusanci shuɗin. Da na kai ƙarshe sai jikina ya yi sanyi. Ban taɓa sanin kana da aikin da kake jin kunyarsa ba. Ka ce ana gobe Sallah aka kawo shi da tsaga a ƙasa, katakon da ke tsakanin faibar ya sha ruwa, yana buƙatar sati biyu ya bushe, amma ka rufe shi a yini ɗaya don ana gaggawa, ka shafe da fenti. Ka ce har ka bar ƙasar nan abin yana ranka.

Na yi yadda ka umarta. Na koma da cokalin shayi na bi ƙasan jiragen ina ƙwanƙwasawa, Maha tana dariya tana cewa likita ta zo. Farin ko’ina ƙararsa ɗaya, tas-tas, kamar sabuwar ƙwarya. Shuɗin kuwa, da na zo daidai tsakiya sai ya amsa dif, kamar an bugi kabewa. Na danna da tafin hannu, ya lotsa. Maha ta daina dariya.

Bahon wankin muka zaɓa, Baba! Na shiga cikinsa a kan tudu na zauna, ashe mutum uku ma za su sake. Tuni na fara sonsa.

Sai dai ga matsala. Wani mutum, Nawaf, yana son shuɗin don ’ya’yansa mata biyu, ran Asabar zai zo ɗauka. Ka ce in gaya wa Abdulmajid gaskiya da sunanka. Ni kuwa na ga yadda ya miƙe don girmama ka, bakina ya yi nauyi. Amma zan je. Ka sa ni a addu’a.

Taka,
Hikima

Ruwais, Jidda
17 ga Rajab

Babana na kaina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da kyau, ina fatan wannan ta same ka a zaune, don labari ne da yawa.

Ran Alhamis na je, Ismail ya raka ni. Na karanta wa dattijon takardarka ina mayarwa Larabci. Ya aika aka kawo abin huda, aka ɗaga shuɗin, aka huda ƙasan. Baba, wani baƙin ruwa mai wari ya dinga tsiyaya har ya kai ga takalmina. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce in gaya maka shi ne ya tsaya a kanka ranar yana cewa yalla yalla, a yi sauri, baƙi za su zo hawa da Sallah, kuma ka faɗa masa bai bushe ba ya ƙi ji. Ya ce kai ka yafe masa. A gabana ya kira Nawaf ya fasa cinikin. Da za mu tafi sai ya kwance sabon ƙyallen shuɗin da kansa, ya naɗe ya ɗora mini a hannu, ya ce tukuicin aikinka ne, don bai taɓa yi maka godiya ba.

Jiya da la’asar muka saka namu a ruwa. Iskar arewa ta taso daidai lokacinta, ƙyallen ya cika fam, jirgin ya karkata ya zabura. Bahon nan gudu yake, Baba! Ni ke riƙe da sandar tuƙi, Maha tana jan igiya tana kabbara, Ismail ya ƙanƙame gefe ya rantse ba zai sake hawa ba. Muka wuce bakin mashigin, inda ruwan ke komawa baƙin shuɗi, wurin da ban taɓa kai kaina ba sai da malama a gefena. Igiyar ruwa ta watso mana, na jiƙe sharkaf, ina dariya gishiri na shiga bakina. Da muka dawo na kifa kai na duba cikinsa lungu-lungu. A bushe yake ƙayau.

Ka kwana da sakakkiyar zuciya, yaran Nawaf ba za su hau shi ba. Ka gaishe da Mama, ka ce mata na sa rigar kariya, kada ta fara.

’Yarka,
Hikima Muntaka