Ƙwaya Mai Fuska Ashirin

Litinin, 7 ga Oktoba

Sanjar zai cika sha bakwai ranar sha tara ga wata, kuma ban san me zan saya masa ba. Ni da na haife shi! Yana jariri surukata ta ɗauke shi zuwa garinsu, Taraz. Jikan fari na kakanni ne, haka muka taso muka tarar. Ita ce uwarsa, ni kuwa "Jenge" yake ce mini, matar yaya. Tun da ta rasu ya dawo mana Almati, har yau Jengen nake. In na zuba masa shayi, godiya yake yi kamar baƙo.

Laraba, 9 ga Oktoba

Na tambayi mijina Bakitjan, wai "Saya masa takalmi mana." Mutumin nan ɗan cikinsa na ce masa yaya, amma ko a jikinsa.

Autata Inkar ce ta tsegunta mini cewa Sanjar na da jakar ƙwayoyin jefawa irin na ludo, har da mai fuska ashirin. Wasan labari ne: a zauna a tebur, ɗaya na jan labarin, sauran kowa ya zama wani mutum, ƙwaya kuma ta yanke ko abin da ka nufa ya yiwu.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Na je shagon da ake sayar da irin wasan. Yarinyar da ke sayarwa, mai koren gashi, ta jero mini kwalaye. "Anti, na dodanni, na sararin samaniya, ko na mahaya dawaki?" Ban san wanne yake so ba. Sai ta ce, "Su nawa za su yi? Ba a yin sa mutum ɗaya fa." Ɗana ba shi da aboki ko ɗaya a garin nan. Na fito ban sayi komai ba, na yi ta share hawaye a bas.

Asabar, 12 ga Oktoba

Ashe a Taraz da marigayiya yake yin wasan, kullum mayya take zama, in ji Inkar. Har wannan ma ta riga ni. Haushin matacciya nake ji, Allah ya yafe mini.

Talata, 15 ga Oktoba

Na sayi na dawakin, don a cikin dawaki ya girma. Na sa mai koren gashi ta koya mini. Ta ce in ƙwaya ba ta kai goma ba, to an faɗi. Bakitjan ya kama ni ina gwada jefawa a kicin, ya ce, "Caca kuma da tsufanki?"

Asabar, 19 ga Oktoba

"Na gode, Jenge." Ya ɗora kwalin a kan kabad, ko ledar bai yage ba.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Da ma takalmin na saya.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Bayan azahar ina soya baursak, irin fankenmu, Sanjar ya shigo da kwalin, bai dube ni ba. "Mutum uku ake buƙata." Na kashe wuta a kan ƙullin.

Inkar ta zama ɓarauniyar dawaki. Ya juyo gare ni. "Ke fa, Jenge? Wace ce ke, me ya fito da ke daga gida?"

Na shirya in ce maharbiya. Sai na ji bakina ya ce, "Mace ce mai neman ɗanta."

Ya daɗe yana kallon littafin wasan. Sannan ya ja mu muka haye tsauni, muka iso wani tanti, da wani saurayi a ƙofa yana gyaran sirdi. "Jefa mu gani ko zai gane ki."

Na jefa. Uku.

Inkar ta yi tsalle. "Ta faɗi! Mama ta faɗi!"

Sanjar ya ce, "Uku ta isa."

"Ƙarya ne! Ni ɗazu bakwai na samu ka jefa ni a kogi!"

"Ke, ni ke jan labarin," ya ce, kunnuwansa sun yi ja. "Saurayin ya ajiye sirdin, ya ce ta shigo ta sha shayi."

Ba wani abu ba ne, wasa ne. Da muka tashi ma Jenge ya ce mini. Amma ya bar kwalin a kan teburin kicin, kuma ban bari Bakitjan ya matsar da shi ba.