Baffa, 'yan tsakin Baba sun mutu a bakin iyaka

Assalamu alaikum Baffa,

Ina gaishe ku da girmamawa, da fatan kuna lafiya ku da Gwaggo da yara. Allah Ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu ma lafiya lau, sai ciwon gwiwar Kaka da ya ɗan motsa. Auta ta fara tafiya, ba abin da take bari a kan tebur.

Baffa, kun san ni ba mai magana ba ce, ko a waya gaisuwa kawai nake yi in miƙa wa Umma. Amma yau raina a ɓace yake, shi ya sa na ɗauki biro. Baba bai san na rubuto ba.

Tun da ƙasarmu ta fita daga ƙungiyar cinikin nan ta maƙwabta, aikin Baba ya lalace. Da, in 'yan tsaki suka ƙyanƙyashe da safe, mu zuba su a kwalaye masu huji, kafin la'asar direba ya kai wa mai gonar da ke sayensu a ɓangarenku, tsallaken iyaka. Yanzu sai da takardar likitan dabbobi, ita kuma kwana biyu take aiki. Layin motoci a iyaka kwana uku ne. Makon jiya da direba ya isa gaban layin, aka ce takardarsa ta mutu, ya koma ya samo wata. Ɗan tsako kuwa ba ya wuce kwana uku ba ci ba sha. Ni da Umma muka buɗe kwalayen da ya dawo da su. Ba zan faɗa muku abin da na gani ba. Guda goma sha ɗaya ne ke motsi, na sa su a kwandon wanki kusa da murhu.

Abin da ya fi ƙona min rai, ranar a rediyo wani babba yake murna wai an ƙulla sabon ciniki da wata ƙasa ta bayan teku, kayanmu za su riƙa zuwa a jirgin ruwa cikin wata guda. Kaka ta ce to sai a koya wa 'yan tsakin azumi. Ba wanda ya yi dariya.

Ku yi haƙuri Baffa, amma ku ne kuka zauna a kan tabarmarmu kuna ce wa Baba in aka fita duniya duka za ta zama kasuwarsa. Ina kawo muku ruwa na ji. Ya bi maganarku ya jefa ƙuri'ar a fita, ku kuma bayan wata huɗu kuka kwashe iyali kuka koma can cikin ƙungiyar. Da Umma ta ce ya kira ku, cewa ya yi: “Ba zan roƙi ƙanena ba.”

To ni na roƙa. Mai gonar ya ce sau ɗaya zai ƙara gwadawa, in ba su iso da rai ba zai nemi wani. Baba ya ce in haka ta faru zai kashe injin ƙyanƙyasar ya sayar. Direba ya ce in wani mazaunin can ya je ofishin iyaka na ɓangarenku ya yi rajistar kayan tun kafin su taso, ana barin motar ta bi layin masu rai. Sai mai katin zama a can, kuma ku kaɗai muke da shi. Ƙwai na cikin inji, saura kwana tara su fashe. Na kwafe lambar motar da ta takardar kasuwancin Baba a bayan wannan wasiƙa. Ba sai kun kira shi ba, ku dai je.

Ku gaishe min da Gwaggo, da Yaya Babba, da 'Yan Biyu. Kaka na gaishe ku, ta ce a tambaye ku ko ƙafarku ce ke ciwo ko tata.

Taku,
'yar wanku ta fari.